Daren Da Aka Ce Kwamfutoci Za Su Ruɗe: Yadda Unguwar Tremont Ta Shiga Shekarar 2000

Fiye da shekaru 25 ke nan da daren da duniya ta yi zaman jiran ganin ko na'urori masu ƙwaƙwalwa za su iya tsallakawa daga shekarar 1999 zuwa 2000 ba tare da sun ruɗe ba. A wancan lokaci an yi ta gargaɗin cewa da zarar ƙarfe 12 na dare ya buga, mai yiwuwa ne wutar lantarki ta ɗauke, ruwan famfo ya tsaya, wayar tarho ta mutu, bankuna su ɓatar da lissafin kuɗin jama'a, jiragen sama kuma su rasa mai yi musu jagora. Daren ya zo ya wuce, gari ya waye lafiya. A yau idan aka tuna da wannan matsala, wadda aka yi wa laƙabi da Y2K, yawanci dariya ake yi, ana cewa Turawa ne suka tsorata kansu a banza.

To, amma a unguwar Tremont da ke yankin Bronx na birnin New York, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka yi kaka-gida, akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa ba a ɗauki gargaɗin da wasa ba. Haka kuma abubuwan da suka sami birnin daga baya sun nuna cewa lafiyar da aka kwana da ita a wannan dare aiki ne aka yi, aka kuma biya shi da tsada.

Mafarin matsalar

Asalin maganar lambobi biyu ne kacal. A shekarun 1960 da 1970 wurin ajiye bayanai a cikin kwamfuta yana da ɗan karen tsada, kuma galibin bayanan ana shigar da su ne ta wani katin kwali mai huda-huda wanda ba ya ɗaukar fiye da harafi ko lamba 80. Saboda tsimin wuri, sai masu rubuta wa na'urorin umarni suka riƙa yanke lambobi biyu na farkon shekara. Maimakon 1965 sai su rubuta 65, maimakon 1978 sai 78. Na'urar kuwa ta ɗauka cewa kowace shekara da 19 take farawa.

Muddin ana cikin ƙarni na 20 wannan dabara ba ta da aibu. Amma a ɗauki misalin mutumin da aka haifa a 1935. A shekarar 1999 na'ura za ta cire 35 daga 99, ta ce shekarunsa 64, kuma daidai ne. Da an shiga 2000 sai ta cire 35 daga 00, lissafi ya faɗa ƙasa da sifiri, wato a wurinta ba a ma haifi mutumin ba tukuna, balle a biya shi kuɗin fansho. Irin wannan kuskure zai iya shafar lissafin bashin banki, da albashi, da ranar lalacewar magani, da wa'adin takardun izinin zama a ƙasa. Ban da manyan kwamfutoci kuma, akwai ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da aka dasa cikin injunan tashoshin wuta, da kayan asibiti, da na'urorin hawa bene, waɗanda babu wanda zai iya rantsuwa a kan yadda za su yi sai an bi su an gwada.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shi kansa Alan Greenspan, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya shaida wa majalisar dokoki a 1998 cewa yana cikin waɗanda suka haddasa matsalar, domin a da can ya rubuta irin waɗannan umarni, har yana alfahari da wurin da ya tsimi, bai taɓa zaton za a ci gaba da amfani da su shekaru da dama bayan haka ba.

An daɗe da hango abin. Wani masanin kwamfuta mai suna Bob Bemer ya yi gargaɗi a rubuce tun farkon shekarun 1970, amma ba a saurare shi ba. A 1993 wani ɗan ƙasar Kanada, Peter de Jager, ya wallafa wata maƙala a mujallar Computerworld wadda ta farkar da kamfanoni da dama. Alamu kuma suka fara bayyana tun kafin lokaci ya yi. A jihar Minnesota, kwamfutar hukumar makarantu ta aika wa wata dattijuwa mai shekaru 104 takardar gayyata zuwa ajin yara ƙanana, saboda ta ga an haife ta a shekarar 88, ta ɗauka 1988 ake nufi, alhali 1888 ce. A 1997 wani kantin kayan abinci a jihar Michigan ya kai ƙara kotu saboda injunan karɓar kuɗinsa suna tsayawa cik duk lokacin da aka miƙa katin banki mai wa'adin shekarar 00.

Shirin da hukumomi suka yi

A watan Fabrairun 1998 shugaba Bill Clinton ya naɗa John Koskinen ya jagoranci majalisar da za ta haɗa kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni wajen gyaran. Majalisar dattijai ta kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Sanata Robert Bennett da Sanata Christopher Dodd. Hukumar da ke biyan tsofaffi kuɗin fansho ta ƙasa ita ce ta riga kowa, domin ta fara nata aikin tun 1989. Aka riƙa kiran tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗanda suka san tsohon harshen kwamfuta na COBOL, su dawo su bi miliyoyin layukan umarni ɗaya bayan ɗaya. Wani kaso mai yawa na aikin kuma aka ba kamfanonin Indiya, abin da ya taimaka wajen ɗaga martabarsu a kasuwar duniya.

Ma'aikatar ciniki ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙasar baki ɗaya ta kashe kimanin dala miliyan dubu 100, daga ciki gwamnatin tarayya ta kashe fiye da dala miliyan dubu 8. Ƙiyasin da aka fi ambatawa na duniya baki ɗaya shi ne dala miliyan dubu 300 zuwa sama. Babban bankin Amurka ya sa an buga ƙarin takardun kuɗi na kimanin dala miliyan dubu 50 an ajiye, ko da jama'a za su yi rububin kwashe kuɗinsu. Domin gudun kada na'urar wata ƙasa ta yi kuskuren nuna cewa an harbo mata makami mai linzami, hafsoshin sojan Rasha da na Amurka sun zauna ɗaki guda a sansanin mayaƙan sama na Peterson da ke jihar Colorado, suna kallon allo ɗaya har aka shiga sabuwar shekara.

A birnin New York kuwa, magajin gari Rudolph Giuliani ya buɗe wata cibiyar kula da ayyukan gaggawa a watan Yunin 1999, a hawa na 23 na gini mai lamba 7 a Cibiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta ci dala miliyan 13. Daga nan ne aka shirya sa ido kan wuta da ruwa da asibitoci da zirga-zirgar birnin a daren. Shawarar da hukumomi da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka ba jama'a ita ce kowa ya yi tanadi kamar yadda zai yi wa guguwar ƙanƙara ta 'yan kwanaki: ruwan sha, da abincin gwangwani, da tocila, da batura, da magani, da ɗan kuɗi a hannu.

Abin da ya sa Tremont ta damu

Sunan Tremont na nufin tuddai uku, wato Mount Eden da Mount Hope da Fairmount, kuma wani shugaban gidan waya mai suna Hiram Tarbox ne ya raɗa shi a tsakiyar ƙarni na 19. Unguwa ce da ta sha wuya. A shekarun 1950 aka tsaga ta da babbar hanyar motar nan ta Cross Bronx, wadda Robert Moses ya tsara, aka tashi iyalai fiye da dubu daga gabashinta. A shekarun 1970 gobara da talauci suka cinye gidaje da yawa a kudancin Bronx, masu hali suka ƙaura.

Cikin gidajen da suka rage, da waɗanda aka gyara daga baya, baƙi suka shigo. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 'yan Ghana, da Gambiya, da Gini, da Mali, da Senegal, da Nijar, da Najeriya suka yi ta ƙaruwa a Bronx, musamman bayan da shirin ba da takardar izinin zama ta hanyar ƙuri'a ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1990. Da yawa daga Musulmin Ghana 'yan zango ne daga Kumasi da Accra da Tamale, waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu da wa'azinsu, har ma sunan ƙungiyarsu ta 'Yankasa, mai masallaci a Bronx, ya isa shaida. Wanda ya bi titin Tremont ko Grand Concourse ko Webster zai ji ana gaisawa da Hausa a ƙofar shagunan da ke sayar da garin tuwo da manja da busasshen kifi.

Ga mutumin da ya tashi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ɗaukewar wuta ba labari ba ce. Ina ɗalibi a arewacin Najeriya a lokacin, kuma na tuna yadda muka ji batun a rediyo muka mayar da shi abin barkwanci, muna cewa wanda ya saba kwana da fitilar ƙwai me 12 na dare za ta ɗauke masa. A wannan shekara layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, wayar salula ta GSM kuwa sai a 2001 ta iso. Yawancin ma'aikatu da fayil da biro suke aiki. Hankalin jama'a ma yana wani wuri: Najeriya ta koma mulkin farar hula a ranar 29 ga Mayu, Mamadou Tandja ya yi rantsuwar kama mulki a Nijar a ranar 22 ga Disamba, kwana biyu bayan haka sojoji suka kifar da gwamnati a Cote d'Ivoire.

Sai dai ɗan'uwanmu da ke Bronx ba ya cikin wannan hali. A gida idan wuta ta ɗauke akwai rijiya a tsakar gida, akwai gawayi, akwai shimfiɗa a waje. A New York kuwa ƙarfin ruwan famfo ba ya wuce hawa na shida da kansa, duk ginin da ya fi haka tsawo sai da injin tura ruwa mai aiki da lantarki. Tukunyar da ke ɗumama gini, ko da mai ko gas take ƙonawa, ba ta tashi sai da wuta. Tsoho ko mai jego da ke hawa na 15 ba su da hanyar sauka idan na'urar hawa bene ta tsaya, sai matakala cikin duhu. Ga shi kuma ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne, lokacin da sanyi kan kai ruwa ya daskare. Yadda rashin ɗumi ke zama ajali a irin waɗannan gidaje ya fito fili shekaru da dama bayan haka, a ranar 9 ga Janairun 2022, sa'ad da wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki ta haddasa gobara a wani bene mai hawa 19 a kan titi na 181, mutane 17 suka rasu, akasarinsu 'yan asalin Gambiya.

Abincin yau da gobe ma a hannun kwamfuta yake. Katin MetroCard da ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da shi a wancan lokaci na'ura ce ke karanta shi. Albashin mai gadi, da na mai jinyar tsofaffi a gida, da na ma'aikacin asibiti, na'ura ce ke lissafawa. Kuɗin da ake aika wa iyaye a gida ta kamfanonin aika kuɗi, da katin buga waya da ake saya a shagon kan kwana, duk sun dogara ne da kwamfutocin da mai amfani da su bai taɓa gani ba. Mai hali yana iya sayen janareto ya koma gidan gona. Mai haya a ɗaki biyu da 'ya'ya huɗu kuwa, iyakar ƙoƙarinsa ya ƙara buhun shinkafa, ya cika robobi da bahon wanka da ruwa.

Tsofaffin mazauna Bronx suna da wani dalilin na daban. A daren 13 ga Yulin 1977 wuta ta ɗauke a birnin na tsawon kimanin sa'o'i 25. Aka fasa shaguna fiye da 1,600, aka tayar da gobara fiye da 1,000, aka kama mutane fiye da 3,000. A kan titin Jerome a Bronx, an kwashe sababbin motoci 50 daga wurin wani dillali a dare ɗaya. Ba a kuma yi nisa ba, a watan Yulin 1999, tsananin zafi ya sa wuta ta ɗauke na kusan kwana guda a unguwar Washington Heights, wadda kogin Harlem ne kawai ya raba ta da yammacin Bronx. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A kan wannan sai ga fargabar ta'addanci. A ranar 14 ga Disamba jami'an kwastan suka kama wani ɗan Aljeriya, Ahmed Ressam, a Port Angeles ta jihar Washington, da kayan haɗa bam a motarsa. Birnin Seattle ya soke babban bikinsa na sabuwar shekara. Ga baƙon Musulmi a New York wannan labari ya ƙara nauyi a zuciya, balle a shekarar da 'yan sanda huɗu suka harba harsasai 41 kan Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla, a ƙofar gidansa da ke unguwar Soundview a Bronx, a ranar 4 ga Fabrairu.

Juma'ar ƙarshe ta shekarar

Wani abu da ba a cika ambatawa ba idan ana ba da labarin wannan dare shi ne, ranar 31 ga Disamban 1999 Juma'a ce, kuma ta faɗo cikin goman ƙarshe na watan Ramadan na shekarar 1420 bayan Hijira. Saboda haka Musulmin Tremont sun yi jiran 12 na dare ne da azumi a baki da rana, da dare kuma ga tarawihi da tahajjud a ƙananan masallatan da aka buɗe a tsofaffin shaguna da ɗakunan ƙarƙashin gini.

Bambancin agogo ya sa New York na cikin manyan biranen da suka shiga sabuwar shekara daga baya, don haka mazaunanta suka wuni suna kallon yadda ta kaya da waɗanda suka riga su. Ƙarfe 6 na safe agogon New York, wajen lokacin sallar asuba, ƙasar New Zealand ta tsallaka, wuta ba ta ɗauke ba. Ƙarfe 8 birnin Sydney ya bi, ƙarfe 10 Tokyo, ƙarfe 11 Beijing. Kafin a sauko daga Juma'a, yawancin gabashin Asiya ya shiga shekarar 2000 da fitilunsa a kunne. Labarin da ya fi girgiza duniya a wannan safiya ma daga Moscow ya fito, inda shugaba Boris Yeltsin ya yi murabus ba zato, ya miƙa ragama ga Vladimir Putin. Ƙarfe 4 na yamma Moscow da Makka suka tsallaka tare, hankalin masu tsoron makaman nukiliya ya kwanta.

An sha ruwa a New York kafin ƙarfe 5, domin ranakun hunturu gajeru ne. Ƙarfe 6 daidai, sa'ad da ake kan kwanon buɗa-baki a Tremont, Kano da Katsina da Yamai da Damagaram suka shiga sabuwar shekara. Ƙarfe 7 Accra da Kumasi da Banjul da London suka bi. Wannan sa'a ta ƙarfe 7 ita ce masana suka fi sa wa ido, domin ita ce 12 na dare agogon GMT, wanda harkar jiragen sama ta duniya ke aiki da shi. Domin nuna wa jama'a cewa babu abin tsoro, shugabar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, Jane Garvey, ta kasance cikin jirgi a sararin sama a daidai wannan lokaci, haka shi ma John Koskinen. Dukansu sun sauka lafiya.

Daga tashar Tremont da ke kan Grand Concourse, jirgin D kan kai mutum kusa da dandalin Times Square cikin kimanin rabin sa'a. A can an girke dubban 'yan sanda, an like murafan ramukan titi da walda, an kwashe akwatunan wasiƙu da na shara. Jama'ar da hukumomi suka ƙiyasta sun kai miliyan 2 suka taru, aka sauko da sabuwar ƙwallon lu'ulu'u da kamfanin Waterford ya ƙera. Ga direbobin tasi na Bronx, waɗanda 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa a cikinsu, daren sabuwar shekara daren kasuwa ne, don haka da yawa a kan sitiyari 12 ta same su. Ƙarfe 12 ta buga, fitilun kan titi suka ci gaba da ba da hannu, jiragen ƙasa suka ci gaba da tafiya, na'urorin cire kuɗi suka ci gaba da biya. Mako guda bayan haka aka yi Ƙaramar Salla, shinkafar da aka tara don tsoron ƙarshen duniya ta shiga tukunyar salla.

Abubuwan da suka lalace

Ba daidai ba ne a ce babu abin da ya faru. Ma'aikatar tsaron Amurka ta amsa cewa wata tashar ƙasa da ke karɓar hotuna daga taurarin ɗan'adam na leƙen asiri ta sami tangarɗa jim kaɗan bayan 12 na dare agogon GMT, kuma an ɗauki kwanaki kafin ta koma aiki sosai. A Japan na'urorin sa ido a wasu tashoshin nukiliya sun yi kuskure, ko da yake ba su shafi injunan kansu ba. A Ingila dubban injunan karɓar katin banki sun ƙi aiki a kwanakin ƙarshe na Disamba. Shafin intanet na hukumar sojan ruwan Amurka mai kula da agogon ƙasa ya nuna shekarar a matsayin 19100. A kusa da Albany, babban birnin jihar New York, wani shagon hayar kaset ɗin bidiyo ya lissafa wa wani mutum tarar dala 91,250, wai ya riƙe kaset shekara 100.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a wani asibiti a birnin Sheffield na Ingila, inda kwamfuta ta yi kuskuren lissafa shekarun mata masu juna biyu, aka ba mata 154 sakamakon gwaji wanda ba daidai ba ne game da lafiyar abin da ke cikinsu, ba a kuma gano ba sai bayan watanni. Wannan misali ya nuna irin ɓarnar da za a iya samu da an bar dubban irin waɗannan kurakurai ba a gyara ba.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Tun a makon farko na Janairun 2000 aka fara tambayar ko an yi asarar kuɗi ne a banza. Masu suka suna kafa hujja da ƙasashe irin su Italiya da Rasha da Koriya ta Kudu, waɗanda aka ce sun makara wajen shiri kuma sun kashe kaɗan, amma ba su ga wani bala'i ba. Suna kuma nuni da ƙananan kamfanoni da makarantu da ba su gyara komai ba, suka wayi gari lafiya. Gaskiya ne kuma cewa wasu sun ci kasuwar tsoro, sun sayar da littattafai da kaset-kaset da busasshen abinci na shekara guda, wasu masu wa'azi kuma suka haɗa abin da tashin kiyama.

Masu kare aikin suna amsawa da cewa babu ƙasar da ta kai Amurka dogaro da tsofaffin manyan kwamfutoci a lokacin, kuma ƙasashen da suka makara sun amfana da gyaran da kamfanonin da suka sayar musu da na'urorin suka riga suka yi. Injiniyoyin da suka yi aikin a bankuna da kamfanonin wuta sun sha bayyana cewa sa'ad da suka tura agogon na'urorinsu gaba don gwaji, sun ga sun tsaya da idonsu. Matsalar rigakafi ita ce idan ya yi aiki babu abin da za a nuna wa mutane. Likitan da ya warkar da mara lafiya ana yi masa godiya, mai allurar da ta hana cutar zuwa kuwa sau da yawa tambayarsa ake yi ina cutar take.

Abin da ya biyo baya

Cibiyar gaggawar da aka zauna cikinta a daren ba ta yi tsawon rai ba. A ranar 11 ga Satumban 2001 aka kwashe ma'aikatanta da safe, ginin mai lamba 7 kuma ya rushe da yammacin ranar. Amma jami'an harkar kuɗi sun bayyana daga baya cewa tanadin da aka yi domin shekarar 2000, kamar ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam da tsara yadda za a yi aiki idan babban ofis ya salwanta, ya taimaka wajen sake buɗe kasuwar hannun jari cikin mako guda.

Duhun da aka ji tsoro ya zo, amma a ranar da ba a sa rai ba. Da yammacin 14 ga Agustan 2003 wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Bincike ya gano cewa wani kuskure a manhajar ƙararrawar gargaɗi ta wani kamfanin wuta a jihar Ohio na cikin musabbabin abin. Mazauna Tremont da ke aiki a Manhattan suka tako da ƙafa ta kan gadoji, aka fito da fasinjoji daga ramukan jirgin ƙasa, dogayen gidaje suka rasa ruwa. An yi sa'a lokacin zafi ne, kuma ba a maimaita wawason 1977 ba.

Kuskuren kwanan wata ma bai bar birnin ba. A watan Afrilun 2019 hanyar sadarwar gwamnatin birnin ta tsaya na kimanin kwana 10, saboda ba a sabunta na'urorinta ba kafin ranar da ƙidayar makonni ta taurarin GPS ta koma sifiri, ranar da aka san da zuwanta shekaru da dama. A ranar 1 ga Janairun 2020 na'urorin biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi, kimanin 14,000, suka daina karɓar katin banki, saboda an sa musu wa'adin da ya ƙare a wannan rana, sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma wani gyara mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi a duniya, aka soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, asibitoci suka ɗage ayyuka.

A halin da ake ciki, masana sun riga sun sa wata ranar a gaba. Na'urori da yawa suna ƙidayar lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga ranar 1 ga Janairun 1970, kuma tsofaffin cikinsu ba za su iya ƙirga fiye da daƙiƙa 2,147,483,647 ba. Wannan adadi zai cika a ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3 da minti 14 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 4 da minti 14 na asuba a Najeriya da Nijar, ƙarfe 10 da minti 14 na daren 18 ga wata a New York. Na'urar da ba a gyara ba za ta koma shekarar 1901. Sababbin kwamfutoci da wayoyi sun tsallake wannan tarko, amma akwai tsofaffin injuna a masana'antu da tashoshi da gine-gine waɗanda ake sa ran za su kai lokacin suna aiki.

Bambancin wannan karo shi ne babu wanda zai yi barkwancin da muka yi a 1999. 'Yar kasuwar Kantin Kwari da ke karɓar kuɗi ta waya, da mai shagon POS a Sakkwato, da tsohuwar da ke jiran saƙon ɗanta daga Bronx ya faɗo cikin wayarta a Maraɗi, duk sun shiga hannun na'ura kamar yadda mazauna Tremont suka shiga tun wancan lokaci. Gwamnatocin ƙasashenmu da bankunansu da kamfanonin sadarwarsu suna da sauran shekaru a gabansu kafin 2038, kuma ranar da sa'ar duk an san su.